Gurbina Kusa da Tabawa

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni zuwa wata ƙasa. Ni ba mai yawan mafarki ba ne. Wannan kuwa na riƙe shi.

Na tsinci kaina a kan hanyar shimfiɗaɗɗun duwatsu. Kogi yana tafiya a sama, bisa wata doguwar gada mai bakan gizo a jere. Mata suna bi ta ƙasa da tuluna a kife, tulunan suna cika. Na tambayi wata baƙar tukunya mai sheƙi ina ne nan. Ta ce ƙasar Itruskawa ce, maƙwabtan Rum tun Rum tana ƙauye. Ban gode mata ba. Ba na gode wa tukunya.

Masu rai a bukkoki suke. Matattu ne masu gidaje, an sassaƙa musu a cikin dutse, da gado da matashin kai, duk na dutse.

A ƙofar wani gida na tarar da wani rago zaune yana duba irin na bokaye da hantar tagulla.

"Bawa magini, ka makara," in ji shi. "Shiga."

A ciki akwai akwatin gawa na jan yumɓu. Bisa murfinsa ga matata Tabawa, wadda ta rasu bara waccan. An gina ta da yumɓu, ta kishingiɗa tana murmushi. Gefenta gurbi ne, babu kowa.

"Malam, sai yanzu?" in ji ta.

"Gyara ɗankwalinki," na ce.

Rago ya ce al'adarsu ke nan. Miji da mata su kishingiɗa tare a gaban jama'a, su yi murmushi, a gasa su, su zauna haka har abada.

Na ce mu ba ma haka. Tun da na auri Tabawa ba wanda ya taɓa ganin haƙorana a gabanta.

"To, a kira na baya," in ji rago.

Sai ga Jatau mai goro, wanda ya riga ni neman aurenta. An shafe shi da laka har wuya, bakinsa har kunne.

"Bawa, in ba ka so, matsa," in ji shi. "Ni ko wajen makoki sai an rufe mini baki."

Na haye murfin, na kishingiɗa. Wasu hannuwa suka zo, babu jiki, suna tura kumatuna sama. Suna saki, kumatun su koma inda suka saba. Aka hura wuta. Jatau ya ɗora ƙafa ɗaya bisa murfin.

Tabawa ta matso kusa da kunnena.

"Ranar da jakinka ya kayar da kai a kwata, ka tashi ka gaida babana kamar ba kai ba, ina leƙe ta katanga. Ranar na zaɓe ka."

Na ɗaure fuska. Ta ƙi ɗauruwa.

"A gasa!" in ji rago.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Gefen gadon babu kowa. Kumatuna dai har yanzu ciwo suke yi.