Ramin da Ya Ratsa Gonar Filimon

Shekara tara ke nan Mutari yana riƙe da injin haƙa na wani ɗan kwangila mai binne tiyon ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ke tuƙa shi, shi ke gyaransa. Ire-irensa da aka sayo tare duk sun daɗe da zama ƙarafa a garejin Maraɗi, amma na Mutari yana nan da ransa, don ba ya tashinsa sai ya duba mai da ruwa, ya bi kowace gaɓa da giris. In rana ta take kuwa, sai ya kashe shi ya huce, ko wa zai yi fushi.

Bana aikin ya kai su wani ƙauye kusa da Maijirgi, inda za a ja ruwa daga babban tanki zuwa cikin gari. Ramin ya ratsa gonar wani dattijo mai suna Filimon, ɗaya daga cikin Kiristocin ƙauyen. Sun kai tsakiyar gonar ke nan, Mutari ya kwance filtir ɗin mai ya tarar ya toshe, har takardar cikinsa ta fara yagewa.

"Ba ni tashin shi sai sabo ya zo," ya ce wa Lamine, shugaban ma'aikata.

Lamine ya ɗaga kai ya dubi gabas. "Malam Mutari, ka ga hadari kuwa? Wanke wanga da man gazuwal ka mai da shi. Kwana biyu kaɗai ya rage mu fita gonar mutane."

"Kwana biyun nan su za su kashe shi."

Aka yi waya Maraɗi, aka ce za a aiko a motar kasuwa. Kwana uku ba labari. Ramin yana nan buɗe, zurfinsa har ƙirjin mutum, ba kuma halin a rufe tunda ba a haɗa tiyo ba. A rana ta huɗu da hantsi ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Rami ya cika ya shafe, ba a gane inda ya fara. Filimon ya taho da amalanke ɗauke da iri don ya yi shuka, gefen ramin ya zabtare da san da ke jan amalanken. Da ƙyar mutane suka jawo shi da igiya, ƙafar gaba a karye.

Filimon ya aika aka kira maƙwabcinsa Inusa ya yanka, don kowa a ƙauyen ya iya cin naman. Mutari yana tsaye daga nesa, ya kasa matsowa. Dattijon ne ya tako har inda yake, wandonsa duk taɓo.

"Sannu, Baba," in ji Mutari. "Wallahi ni na tsai da aikin."

"Na ji," in ji Filimon. "Sun ce injinka ba shi da lafiya. Ɗana, ban zo faɗa ba. Jikokina ke biyo hanyar ga kullum da awaki. Shi ke nan abin da na zo faɗa maka."

Ya juya ya tafi. Mutari ya so a ce zaginsa ya yi.

Washegari filtir bai zo ba. Mutari ya wanke tsohon cikin gazuwal, ya ɗaura, ya yi bismilla ya tayar. Ma'aikata suka bi bayansa suna haɗa tiyo, shi kuma yana komowa yana rufewa. Rana ta take, bai kashe ba, yana son gama aikin kwana biyu a yini ɗaya.

Bayan azahar ya ji ƙarar. Ƙwas, ƙwas, can cikin injin, a hankali, ba wanda ya ji sai shi. Ya san abin da take nufi. Ya dubi gaba, saura kamar taku arba'in a fita gonar. Hannunsa ya kai kan makulli ya tsaya. Sai ya janye shi, ya ci gaba da tura ƙasa, gumi yana shiga masa ido.

Da la'asar ya rufe taku na ƙarshe, ya kashe. Ya tara hannu ya kwance man, ya murza a yatsu. Garin ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki.

Lamine ya durƙusa kusa da shi. "Zai gyaru?"

"Ko ya gyaru, ba zai koma yadda yake ba."

"Zan ce wa maigida ni na matsa maka."

"A'a. Ba kai ba ne."

Kwana biyu bayan haka babbar mota ta zo daga Tasawa aka ɗora injin, aka ɗaure da sarƙa. Sauran aikin aka raba wa mutanen ƙauye su haƙa da diga da shebur, abin da zai ci wata guda. Da motar ta ratsa gefen gonar, Mutari da ke zaune kusa da direba ya hangi Filimon da iyalinsa suna shuka, iri a ƙwarya a kansu. Dattijon ya ɗago masa hannu. Mutari ya ɗaga nasa, sa'an nan ya ce wa direba ya riƙa bi a hankali wurin gargada.