Tagullar Baba

Maƙerin yana tsugune gaban wuta yana jujjuya ƙarfe da awartaki sai ga yayansa ya shigo da fara'a. Direban babbar mota ne, bai cika leƙo maƙerar da mahaifinsu ya bar musu ba. Da sunansa wurin yake tun rasuwar Baba, don shi ne babba, kuma maƙerin bai taɓa ganin aibun hakan ba.

"Ƙanena, wuƙa nake so ka ƙera min," in ji Yaya. "Kyauta zan yi wa wani mutumin kirki. Ka yi wadda in ya riƙe zai san ɗan wa ya yi ta."

Maganar ta yi wa maƙerin daɗi har cikin ransa. Ruwan wuƙar bai ba shi wahala ba, ya kuma samu ice mai duhu da nauyi na mariƙi. Abin da ya tsaya masa shi ne ƙarfen wuya, ɗan guntun nan da ke zama tsakanin ruwa da mariƙi, inda yatsa ke dafawa. Ya baje abin da yake da shi a kan benci. Baƙin ƙarfe akwai ƙwari, amma da ya ji danshi sai tsatsa. Farin ƙarfe ba ya tsatsa, sai dai kama da cokali. Jan ƙarfe kuwa laushi gare shi, bugu ɗaya ya lotsa.

Da Yaya ya dawo ya tarar da shi yana ta ɗauka yana ajiyewa, sai ya ce, "Ina tagullar nan ta Baba? Sa ita mana."

Maƙerin ya dubi inda ya adana ta. Guntuwa ce ba ta kai tafin hannu ba, ragowar aikin Baba na ƙarshe. Naɗe take a tsumma, bai taɓa kai mata zarto ba.

"Yaya, ita kaɗai ta rage fa."

"To ajiye ta za ka yi har ta haihu? Wallahi mutumin nan ya cancanta."

Maƙerin ya yanka ta. Ya goge da magagari har ta zauna daram, babu inda gashi zai ratsa tsakaninta da ruwan, ya wanke ta har tana ɗaukar ido. Yaya ya karɓa yana ta sa albarka.

Ba a jima ba, wata safiya mai sayar da tayoyi na bakin titi ya shigo da magina, suka hau awon bango. Ya zaro wuƙa zai yanke igiya, maƙerin ya ga tagullar tana walƙiya a hannunsa.

"Malam, hannunka akwai albarka," in ji mai tayoyin. "Yayanka ya ce da kanka ka yi min ita, don ka nuna ka amince."

"Na amince da me?"

"Da cinikin shagon mana. Ba ƙarshen wata za ka kwashe ba?"

Maƙerin ya ajiye awartaki. Ko wuta bai kashe ba ya nufi gidan Yaya, ya same shi kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu.

"Yaya, ka sayar, ka sayar. Amma ka sa ni na yi maka shaida da hannuna?"

Yaya bai fito ba. Daga can ƙasa ya ce, "Da na gaya maka, ba za ka yarda ba. Rabonka na nan."

"Rabo na tambaye ka?"

Yaya ya ci gaba da ƙwanƙwasa sifana.

Matar maƙerin ta ce ya kai ƙara, ya ce ba zai tsaya gaban alƙali da wanda suka sha nono ɗaya ba. Ƙarshen wata ya ɗora uwar maƙera da zuga-zugi a kura, ya kafa rumfa a bayan gidansa. Har yau in sun haɗu yana durƙusawa ya ce, "Yaya, ina kwana?" Da Yaya ya amsa, sai ya miƙe ya kama hanyarsa.