Mutuwar Mani Maharbi

Kabu-kabu bai gama tsayawa ba Samira ta dire a ƙofar shagon Luƙman mai hotokofi, daura da tashar Dogon Dutsi. A tsaitsaye suka gaisa.

"Malam Luƙman, maharbin ga da kunka kashe, don Allah ku tashe shi."

Mani maharbi dai ba mutum ba ne, jarumi ne a wani wasa da Luƙman ya zo da shi daga jami'ar Yamai. Kowa ya ƙagi jaruminsa, Luƙman ya ja labari, a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin ya yanke hukunci. Ƙartin maza da gemunsu, kowace Asabar suna zaune kan tabarma suna faɗa da dodanni. Da can abin haushi yake ba Samira. Amma tun da mota ta kaɗe mijinta Abdulmajid a hanyar Dumega aka yanke masa ƙafa, ya bar koyarwa, ya bar masallaci, wasan nan kaɗai ke fito da shi tsakar gida. Ranar Asabar dodo ya kashe Mani, jarumin Abdulmajid. Tun daga nan Abdulmajid ya juya wa bango fuska, ko fura ba ya sha.

"Ba ni na kashe shi ba, jifa ce tab ɓaci," in ji Luƙman. "A tsohon littahen da muka bi, wanda yah hwaɗi ya mutu."

"To akwai sabo ke nan?"

Akwai. Ya nuna mata a wayarsa, da Faransanci. Waɗanda suka ƙago wasan sun sassauta doka a sabon bugu: wanda ya faɗi yana da damar sake jifa, in ya tashi ya yi barcin dare guda, ya warke sarai.

"Sai dai mijinki shi ne babban maƙiyin sabon ga."

"Tsoro nika ji, Malam," ta ce. "Jiya ya ce in kai sandunanshi kicin in hura wuta. Rufe shagon mu tahi."

Da la'asar Luƙman ya shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin Abdulmajid, shi da Sambo telan da suke wasa tare. Ya ɗaga murya ya yi bayanin sabuwar doka, yana ta zuba mata gishiri kamar mai tallar magani a tasha. Samira na tsaye riƙe da labule.

Can Abdulmajid ya amsa daga kan gado, bai ko juyo ba.

"Barcin dare guda, mutum shi tashi garau? Wanda yar rubuta wanga bai taɓa kwana asibiti ba. Ku kwashe tabarmarku."

Samira ta ba da kuɗin cefane ga kabu-kabu, ta zubar da girmanta a tasha, ga abin da ta samo. Ta zauna a dokin ƙofa ta fashe da kuka, ba ta damu da baƙi ba.

Sambo ya fara naɗe tabarma.

"Luƙman," in ji muryar daga ciki. "A tsohon littahe ai ana tada matacce. In abokai sun ɗauki gawa sun kai wurin boka. Mi ya hana ka hwaɗi?"

Luƙman ya sunkuyar da kai. "Ka san sharaɗin. Ba shi dawowa yadda shike. Ƙarhinshi na raguwa, har abada. Ban iya hwaɗa maka wanga ba."

"Ya ragu mana. Shina iya jan baka?"

"Shina iyawa. Sai dai gudu ya ƙare."

Gadon ya yi ƙara. Samira ta ji yana lalube a ƙasa, inda ya saba ajiye sandunansa.

"Samira, kin dai hura wutar da su?"

Ta tashi ta ciro su daga bayan randa, inda ta ɓoye su, ta goge da gefen zanenta ta miƙa masa. Ya daɗe kafin ya kai bakin ƙofa, babu kuwa wanda ya kuskura ya kama shi.

"Sambo, kai ka ɗaukar gawa, jaruminka ne mai jaki," ya ce yana haki. Ya dubi matarsa. "Akwai sauran hura?"