Sorayen Karare

Da ranin bara gobara ta cinye rabin Karare, ɗakunan jinka da rumbuna duka. Kowa ya ce ƙaddara ce, aka koma yankan ciyawa don a sake jinka, kamar ba ita ce ta ci garin ba.

Muntaka, malamin gini na En'e, hukumar gargajiya, bai daɗe da fitowa daga makarantar Midil ba. Shi ya yi ta zarya tsakanin Safana da Batsari har Di'o, Baturen mulki, ya amince a gwada shawararsa: soro na tubali da azarar giginya, mai taga, wanda wuta ba ta ci, talaka kuma zai iya ginawa da gayya. Ƙasa kyauta ce, hannu kyauta ne, azara kaɗai En'e za ta bayar. Di'o ya ce zai zo bayan kaka. In ya ga mutane sun zauna a ciki, za a ba garin Yasore azara shi ma.

Ranar zuwansa Muntaka ya riga shi isowa da hantsi. Ya tsaya a bakin soron farko, na wani manomi mai suna Mani, ya kasa gane abin da yake gani. An yaɓe tagar da laka. Ya leƙa ƙofa, sai dammunan gero jere har rufi. A gefen soron kuwa ga sababbin bukkoki, tabarmi na shanye a kan danga. Ya ruga na gaba, gero. Na gaba da shi, dawa da gyaɗa.

Mani ya fito yana murmushi, ya soma gaisuwa, gajiya da iyali da mutanen Safana. Muntaka ya amsa a gaggauce.

"Baba, ina kuke kwana?"

"Ga shi nan kana gani, Malam."

"Soron fa?"

"Kai, Allah shi yi maka albarka! Ko ɓera bai shiga ba tun da muka toshe wannan ramin da ka bari a bango."

"Taga ce, Baba! Don ku sha iska na sa ta. Don mutane aka gina ɗakin nan!"

"To ai in wuta ta tashi mu muna da ƙafa. Gero ba shi da ita."

Ran Muntaka ya ɓaci. "Yarinyar da ta ƙone bara, ba ta da ƙafa ne?"

Murmushin Mani ya ɗauke. Ya dubi ƙasa.

"Ɗiyata ce, Lami. Wuta ita kaɗai ta ɗauka a garin nan. Da damina, da hatsi ya ƙare, ba ka zo ba, Malam. Ka je bayan gari ka ga ƙananan kaburbura."

Har yanzu Muntaka yana ganin daidai yake, bai kamata ɗan Adam ya kwana ƙarƙashin busasshiyar ciyawa ba. Amma ya rasa ta inda Mani ya yi kuskure.

Dagaci ya iso yana haki, ya ja shi gefe.

"Malam, abin ai mai sauƙi ne. A fitar da geron yanzu, a shimfiɗa tabarmi, a zaunar da mata. Bature na juya baya a mayar."

"Ranka ya daɗe, ƙarya za mu yi masa?"

"Wace ƙarya? Tarbar baƙo ce. Ko so kake Yasore ta rasa azara?"

Muntaka bai ce a fitar ba, bai ce a bari ba. Yana nan tsaye yana juya maganar har aka ji ƙarar mota.

Di'o ya sauko, ya zagaya soron Mani, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya shiga ya shinshina geron. Ya fito fuskarsa a sake. Tafintansa ya ɗaga murya:

"Bature ya ce bai taɓa ganin rumbu mai kyau kamar wannan ba. Ya ce yaron nan yana da kai. Za a ba Yasore azara, a yi irinsa a kowane gida."

Aka ɗauki guɗa. Muntaka ya matsa kusa da tafinta.

"Ka gaya masa ɗakin kwana ne."

Tafinta ya faɗa. Di'o ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Muntaka, ya ce wani abu, ya shiga mota. Tafinta ya fassara masa:

"Ya ce a rage tsayi, a bar zancen taga, azarar za ta fi yaɗuwa."

Jama'a suka kewaye shi suna yi masa barka. Yana amsawa da amin, bai san ko ya ci ko an ci shi ba.

Yero, sarkin maginan Yasore, wanda ya zo kallo, ya ja hannun rigarsa.

"Malam, tunda rumbu ne, ƙofar a yi ta ƙarama ko? Mai ɗibar gero ai sunkuyawa yake."

Muntaka ya daɗe yana kallon bukkokin.

"A yi ta yadda mutum zai shiga a tsaye."

"Don me?"

"Ku dai yi ta haka, Baba."