Aljanar Ɗakin Ajiya

Mako uku ke nan Auta yana hawa benen kamfanin zanen gine-ginen da yayansa ke aiki, kullum da tsohuwar laftof a jaka da dogon kebul naɗe a kafaɗa. Shi ba ma'aikaci ba ne tukuna, alkawari ne ya kawo shi. Yaya, wanda shi ne shugaban ɗakin zane, ya ce masa mai kamfani na neman wanda zai riƙa kula da kwamfutocinsu, kuma in aikin da aka ba shi ya tashi lafiya ranar Alhamis a gaban mai kamfani, to kujerar ta zama tasa. Shekarun Auta ashirin da bakwai. Ya yi gyaran waya, ya yi aikin ɗaura kyamarorin tsaro, ya yi shagon buga takardu, amma bai taɓa samun wurin da za a nuna tebur a ce wannan nasa ne ba.

Manhajar da suke zane da ita tsohuwa ce mai taurin kai, ba ta yarda ta zauna a kan sababbin kwamfutoci. Sai Auta ya kama babbar kwamfutar da ke ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen takardu da karyayyun kujeru, ya gina wata kwamfutar a cikinta. Ba ta da akwati, ba ta da waya, amma tana da nata allon da tata ƙwaƙwalwar. Ya zuba tsohuwar manhajar a ciki, sannan ya buɗe mata hanya yadda mutum yana gida ko yana wurin gini zai buɗe laftof ɗinsa ya ga allonta a gabansa, ya riƙa juya ta daga nesa.

Ranar da ya yi wa sakatariya bayani, ta sauke tabaraunta ta dube shi.

"Ba ta da jiki, tana zaune cikin wata, kuma ana kiranta daga nesa ta amsa? Ɗan nan, ka faɗi gaskiya, aljana ka kawo mana."

Sunan ya bi ta. Har mai kamfani an ce ya tambayi ko Aljana ta fara aiki.

Wuri ɗaya kawai suka sami saɓani da Yaya. Auta ya so kowa ya sami sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. Yaya ya ce ina, a ofis ɗin nan mabuɗin ƙofa ɗaya ne, almakashi ɗaya ne, ba za a cika musu kai da haddace-haddace ba.

"Yaya, in suna ɗaya ne, duk wanda ya shiga zai ture na ciki, kuma zai tarar da allon yadda wancan ya bar shi."

"To sai me? Zane ne a ciki, ba asirin gwamnati ba. Yi abin da na ce."

Ya yi abin da aka ce. Cikin kwana biyar Yaya ya fi kowa shaƙuwa da Aljana, don ta fi laftof ɗinsa sauri nesa ba kusa ba. Zane a ciki, wasiƙa a ciki, komai a ciki.

Ranar Laraba da hantsi, Auta na bakin titi yana jiran mota, wayarsa ta yi ƙara.

"Kai, Aljanarka ta yi yaji," in ji Yaya. Ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. "Ina tsakiyar aiki allon ya sandare, sai ta kore ni. Na gwada sau goma, wai ba a same ta ba. Gobe fa Alhamis."

"Kada ka taɓa komai, ga ni nan zuwa ofis."

"Ka yi sauri. Kuma takardar nan da na ce ka rubuta, ta yadda ka haɗa komai daki-daki, ka ƙarasa ta yau."

"Tana jakata, saura shafi ɗaya."

"Ɗan albarka."

Da ya isa bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya wuce ɗakin ajiya. Babbar kwamfutar na kunne, fankarta na huci. Aljana ma da ranta, allonta dai a kulle, alamar wani ya bar aiki a ciki. Ya jona laftof ɗinsa da kebul ya kira lambar da ake samun ta da ita a layin ofis, mai ƙarewa da sha huɗu. Shiru. Ya duba ko katangar tsaro ce ta rufe ƙofa, ya ga a buɗe take yadda ya bar ta. Ya yi zaune a kan kwali yana sosa ƙeya, sai idonsa ya faɗa kan soket ɗin da ke bayan ƙofa. Wayar rawutar, akwatin da ke raba wa ofis intanet, tana soke a ramin hagu. Shi kuwa a na dama ya bar ta.

"Anti!" ya ɗaga murya. "Wa ya taɓa soket ɗin nan?"

Sakatariya ta leƙo da kofi a hannu. "Wane soket? Ni dai ruwan shayi na dafa, minti uku, na mayar muku da abinku."

"Kin kashe wa ofis gaba ɗaya intanet don shayi?"

"Ka ji yaro. Tun kafin a haife ka nake dafa shayi a soket ɗin nan."

Ya buɗe shafin rawutar, ya ga abin da ya zata. Da ta farfaɗo sai ta sake rabon lambobi. Aljana ta koma ashirin da uku, sha huɗu kuma ta faɗa kan wayar sakatariya.

"Anti, kin san duk wanda ya nemi Aljana daga waje tun safe, wayarki ake kai shi?"

"A'uzubillahi! Cire min ita. Ni da jikoki."

Laifinsa ne, ya sani, da tun farko ya ɗaure lambar. Ya ɗaure ta yanzu, ya sa rawutar ta riƙa ba Aljana sha huɗu ko sau nawa aka dafa shayi. Ya ɗauko takardarsa ya ƙara wannan a shafin ƙarshe da rubutunsa mai karkata, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Saura gwaji daga waje. Ya cire kebul, ya fita ya zauna a kan matakalar bene, ya jona laftof da datar wayarsa, ya rubuta sunan nan guda ɗaya na kowa da kowa.

Da'irar ta juya sau biyu, allon ya buɗe. Har ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

Ba zane ba ne a buɗe. Wasiƙa ce mai tambarin kamfani a sama, zuwa ga mai kamfani, a tsaye daidai inda aka yanke wa mai rubutun hanya. Auta ya kai yatsa zai kawar da ita, sai ya ga kalmar "ƙanena".

"Yallaɓai, game da mai kula da kwamfutoci. Wanda ya haɗa mana na'urar ƙanena ne, ciki ɗaya, don haka ba wanda ya kai ni saninsa. Hannunsa na da kyau, amma ba shi da takardar makaranta, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ba zan ba da shawarar a damƙa masa sirrin kamfani ba. Na sa shi ya rubuta yadda ya haɗa komai. Shawarata bayan gwajin gobe a yi masa godiya, a canja kalmar sirri. Akwai ƙanen matata da ya gama difloma a fannin, yaro ne mai natsu"

Nan ta tsaya. Auta ya karanta sau uku. A karo na uku bai ma ga kalmomin ba, sai ɗan layin nan da ke ƙyaftawa a ƙarshen "natsu". Ya tuna daren jiya, a'a, da yamma ne, Yaya ya tsaya da mota a ƙofar gida ya ce wa mahaifiyarsu ta fara yi wa autanta addu'ar sabon aiki, ita kuwa ta ɗaga hannu tana ta sa wa Yaya albarka. Wani masinja ya hawo benen ya ce masa gafara, bai ji ba, sai da mutumin ya tsallake ƙafarsa.

Allon ya yi duhu. Rubutu ya fito cewa wani ya shiga, an fitar da shi. Nan take wayar ta yi ƙara.

"Ta dawo! Kai, yaron nan, kanka na ja. Me ya same ta?"

"Lamba ce ta canja."

"To madalla. Ka ci abinci kuwa?"

"Yaya, na gwada ta kafin ka shiga."

"Ai dole ka gwada."

"Da sunan nan guda ɗaya na gwada."

Injin simintin ya ci gaba da ƙara a wayar. Can Yaya ya ce, "Kada ka tafi. Ina zuwa."

Wurin ginin ba nisa. Cikin rabin awa ya hawo benen, takalmansa fari fat da siminti, ya tarar da Auta inda yake. Ya tsaya matakala biyu a ƙasa da shi, har fuskokinsu suka yi daidai.

"Wa ya ce ka karanta min wasiƙa?"

"Ita ta tare ni a ƙofa."

"Ba ka da kunya. Abin da ba a gama rubutawa ba ma."

"Abin da aka gama ya ishe ni."

Yaya ya share gumi da bayan hannu, ya sassauta murya. "Saurara, Auta. Wurin mai kyamarori wa ya kai ka? Ni. Wata nawa ka yi? Huɗu. Shagon buga takardu fa? Mutumin har yau in ya gan ni sai ya kau da kai. Nan shekara goma sha ɗaya nake gina sunana. In ka tashi wata rana ka ce ka gaji, da dukan zanen kamfani a hannunka, wa za a kama?"

"Mai kyamarori zagin Mama ya yi, ka sani."

"Kullum da dalili."

"To me ya hana ka faɗa min haka ranar farko? Ka ce, Auta, zo ka taimake ni da aikin mako uku, babu kujera. Wallahi da na zo. Ka san da na zo."

Yaya ya kau da kai. Auta ya ci gaba.

"Sai da ka sa Mama ta yi addu'a."

"Zan nema maka wani wurin. Wanda ya fi dacewa da kai."

"Ka aika wasiƙar?"

"Ka gani ai ban gama ba."

Auta ya buɗe laftof, ya sake rubuta sunan da kalmar sirrin. Wasiƙar ta fito, tana nan a kan "natsu". Ya juya allon, ya ɗora wa Yaya a hannu.

"Ga ta. Ba zan je wurin mai kamfani ba, ba zan faɗa wa Mama ba. Ka yi abin da za ka yi da ita ina kallo."

Yaya ya riƙe laftof ɗin da hannu ɗaya kamar farantin da ya yi zafi. Ya dubi wasiƙar, ya dubi ƙanensa. Duk da abin da ya karanta, Auta na jira ya ga an shafe ta. Yatsan Yaya ya yi yawo a kan allon, ya je kusurwa ya rufe shafin. Tambaya ta fito, a ajiye ko a zubar. Ya daɗe a kanta. Sannan ya danna a ajiye.

"Sai na yi tunani," ya ce, bai ɗago ba.

Auta ya karɓi laftof ɗinsa ya rufe. Ya zaro takardar nan mai shafi shida daga jaka, ya shiga ofis ya ajiye ta a teburin sakatariya, ya ɗora mata abin huda takarda a kai don kada fanka ta kwashe.

"Anti, wannan na wanda zai zo ne. Ki ce masa ya fara karanta shafin ƙarshe."

Ta dube shi, ta dubi Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa. "Wane wanda zai zo? Gobe ƙarfe nawa za ka iso?"

"Aljana za ta yi aiki goben, ko ba ni."

Ya shiga ɗakin ajiya ya naɗe kebul ɗinsa, ya rataya a kafaɗa. Da ya zo fita Yaya ya matsa gefe ya ba shi hanya, ya ce, "Bari in sauke ka gida."

"Ba gida za ni ba."

Ya sauka benen. A bakin titi ya tsaya ya buɗe wayarsa, ya ga kiran mahaifiyarsu guda biyu da bai ɗauka ba. Ya mayar da ita aljihu, ya tsallaka ɗaya hannun, inda motocin ba sa bi ta unguwarsu.