Tsatsa a Ƙarƙashin Akuya

Wata huɗu ke nan Inna tana share ƙarfe daga rumfar da ake ajiye Akuya. Akuya dai ba dabba ba ce. Ƙaramar motar gona ce mai kujera biyu da ɗan bodi a baya, wadda Maigida ya saya shekara goma sha uku da suka wuce, lokacin da gwiwarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa. Yara ne suka raɗa mata sunan, don ba tudun da ba ta hawa. Yaran sun girma sun watse, ita kuwa tana nan kore shar, domin kowace shekara sai Maigida ya bi ta da sabon fenti.

Kullum da safe idan ya fitar da ita, Inna takan tarar da ɓarɓashi ja-ja a daidai inda motar ta kwana. Da fari ta ɗauka ƙasa ce. Ran nan ta kanga masa maganaɗisun da take tsintar allura da shi, sai ya yi tsalle ya manne. Tun daga ranar take tarawa a gwangwanin madara, ba ta gaya wa kowa ba, don ta san idan aka raba Maigida da Akuya an raba shi da gonarsa ke nan.

Yau ba ɓarɓashi ta tsinta ba. Falle ne guda, faɗin yatsu uku, da rabin hudar noti a gefensa. Ta juya shi a tafin hannu, ya karye gida biyu.

A tsakar gida Maigida yana cika babban tanki da ruwa a bayan motar. Injin ban-ruwa na gonar ƙasa ya mutu jiya, ga dashen barkono da ko kwana huɗu bai yi ba. Hanyar gonar ƙasa kuwa gangare ce mai duwatsu, tana shan kwana sau biyu, kuma a gefen kwana na biyun akwai kwari mai zurfin tsayin mutum uku. Bakanike ya zo ɗaukar injin da ya mutu, ya kuma tsaya canza wa Akuya baƙin mai kamar yadda ya saba. Ya ɗora bakin sukundireba a kan injinta, ya kara kunne a mariƙin, ya lumshe ido kamar mai jin waƙa.

"Baba, wallahi wannan injin sai ya binne mu duka," in ji shi. "Ba a ƙera irinsa yanzu. Na zamani shekara uku sun fara tari."

"Kana ji ko," in ji Maigida, yana murmushi kamar an yabi ɗansa.

Inna ta ajiye gwangwanin a kan kujerar direba.

"Wannan fa? Shayi za a ba mu?" in ji Maigida.

"Motarka ce. Wadda ta zuba. Na tara maka."

Bakanike ya leƙa, ya motsa ɓarɓashin da yatsa, ya yi dariya. "Haba Inna, ai kowace mota tana zubar da wannan. Lafiyar mota a inji take. Muddin inji na magana daidai, sauran duk kwalliya ce."

Shekara goma sha uku tana jin wannan magana daga bakinsa, kuma ba ta taɓa shiga kanta ba. Ba a kan inji mutum yake zama ba. Ta ga abin da takin zamani ya yi wa baronta cikin damina biyu, da shebur, da bahon da ta manta da shi a sito wata ɗaya. Ita kuwa Akuya buhu nawa ta ɗauka? Wasu a yage, taki na zuba ta ramukan bodi, ruwa na bin bayansa. Maigida yana wanke ta daga sama har ta yi ƙyalli. Wa ya taɓa wanke cikinta?

"Ɗana, yaushe rabonka da shiga ƙarƙashinta?"

"Ai yanzu na kwance notin mai."

"Hannu ka zura. Ni ido nake nufi."

Ya dubi farar rigarsa, ya dubi caɓin da ruwan tanki ya yi a ƙasa. "Inna, daga nan wani wuri zan wuce. Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan zo da kayan aiki."

"To, Injiniya ta gama duba mu?" in ji Maigida. Ya ɗauke gwangwanin ya ajiye a bakin rijiya, ya ɗaga ƙafar da ba ta lanƙwasuwa da hannu biyu ya jefa ciki, ya zauna. "Rana na yi. Barkonon nan ba zai jira mako mai zuwa ba."

"Ka rage ruwan rabi."

"In yi sawu shida maimakon uku?"

"To kada ka je."

"Sau nawa na sauka gangaren nan, Innar yara? Ya fi dubu uku. Ta taɓa ba ni kunya?"

"Ba ta taɓa ba. Sau ɗaya za ta yi."

Ya murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau, abin haushi. Inna ta dubi bayan motar. Tankin ya danne ta, kuma a idonta gefen dama ya fi na hagu sunkuyawa, ko da faɗin yatsa ne. Ko idonta ne? Ta san in ta faɗa za a ce idonta ne. Ta ga kwana na biyun a ranta, da duwatsun da ke ƙasan kwarin, da mutumin da ko tsalle ba ya iya yi.

Ta zagaya, ta tattare zanenta, ta hau ɗaya kujerar.

"Me kike yi?"

"Zan raka ka."

"Ke da ba kya hawa ko a fili? Kin ce tana kaɗa miki hanji."

"Yau ina sha'awa. Ba ka ce lafiyarta lau ba? Mu je."

"Sauka, don Allah, kada ki mai da ni abin kallo."

"Nauyina bai kai buhun taki ɗaya da rabi ba. In za ta kai ka, za ta kai ni."

Bakanike ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba, yau amarci ya dawo. A sauka lafiya!"

Maigida ya yi tsaki, ya sa giya. Suka fita ta ƙofar baya, suka bi gefen shingen awaki. Inna ta damƙe ƙarfen da ke gabanta. Ruwa na tangaɗi a bayansu, duk tangaɗin tana jinsa a ƙugunta. Ba ta shirya abin da za ta yi ba idan ya ƙi tsayawa. Sai yanzu ta lura da hakan. Ta fara addu'a a ciki, ta rasa inda ta tsaya, ta koma farko.

Suka haye wani ɗan kwararo. Daga ƙarƙashin kujerarta wani abu ya ce ƙiiƙ, gajere, kamar an taka tsohuwar ƙofa. Ta saci kallonsa. Bai juyo ba, amma muƙamuƙinsa ya motsa.

"Ka ji?"

"Sifirin ne."

"Tun yaushe yake yi?"

Ya murza sitiyari, ya kauce wa wani dutse.

"Maigida, tun yaushe?"

"Tun bara," ya ce, idonsa a kan hanya.

Ga bakin gangaren. Daga nan ana hango layukan barkono can ƙasa, ƙanana, sun fara langaɓewa. Ana hango kwana na farko, na biyun kuwa ya ɓuya bayan dutse. Tayoyin gaba suka leƙa, hancin motar ya sunkuya, ruwan ya taho gaba gaba ɗaya ya bugi bangon tankin a daidai bayan kawunansu. Inna ta runtse ido.

Motar ta tsaya.

Ta buɗe ido. Ƙafarsa mai lafiya tana kan birki. Ya daɗe yana kallon gangaren da ya sauka sau dubu uku. Sannan ya sa giyar baya, ya ja da ita a hankali, taku biyar, taku shida, har ta daidaita a fili. Ya kashe inji.

"Ke dai ba ki da kirki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

Ya ɗaga murya ya kira bakanike. Wannan karon ba a yi zancen farar riga ba. Mutumin ya taho da sauri, ya kwanta rigingine a kan tsakuwa, ya ja jiki ya shige. Suka ji yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙwal, ƙwal, sai kuma wani sauti mara daɗi, kamar an soka cokali a dafaffiyar kabewa.

"Baba." Muryar ta canza. "Kada kowa ya motsa da ƙarfi. Ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, fenti ne kawai ya riƙe shi. Inna, ki fara sauka. A hankali."

"Walda za ta kama?" in ji Maigida.

"Walda ba ta kama tsatsa, Baba. Sai an yanke an sa sabo, in an samu irinsa. Ku sauko tukuna."

Inna ta yunƙura za ta tashi. Maigida ya miƙo hannu ya riƙe damtsenta har ta taka ƙasa. Ta zagayo ɓangarensa, ta tallafi ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya sauko yana dafe da kafaɗarta. Suka tsaya a bakin gangaren su biyu. Nan da gonar ƙasa bai fi tafiyar minti goma ba ga mai ƙafa biyu.

"Zan aika a kira maƙwabta da jarkoki," in ji ta. "Ni ma zan ɗauki ɗaya."

Ya gyaɗa kai, bai dube ta ba.

"Ki fara da layin gabas," ya ce. "Su ne rana ta fi duka. Kuma a gindi za ku zuba, ba a ganye ba."