Aikin da Maidei Ta Bari Rabi

Maidei Madzinga ta fara saka sabuwar manhaja a kwamfutar shagon ubanta, aka ɗauke wuta aikin yana tsaka. Ranar Juma'a ce da yamma. Da wuta ta dawo ta danna manhajar da take tsara takardu da ita, ba ta buɗe ba. Ta sake dannawa, shiru. Ta dafe goshi ta ce, "Baba, kaina ke sara. Litinin na gyara." Ta lulluɓe kwamfutar da zanenta ta tafi gida. Litinin tana asibiti. Daga can gawarta aka kawo.

Shagon yana bakin kasuwar Sakubva. Madzinga ya buɗe shi da injin kwafi guda ɗaya tun Maidei tana goye. Da ta girma ta kawo kwamfuta, suka raba aiki. Ita ke tsarawa ta buga, shi ke yankawa ya ninke. Yawancin aikinsu takardar jana'iza ce, hoton mamaci a gaba, a ciki waƙoƙin coci da sunayen masu magana. Maidei ta zana wani kewaye na ganyen itacen msasa da hannunta, shi take sa wa kowace takarda. Shekara da shekaru ba a binne wani a unguwar nan ba sai da ganyen nan a hannun mutane. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, akan rubuta: Madzinga da 'Yarsa.

Gobe za a binne ta, ita kuwa ba ta da takarda.

A gida an fitar da kujeru waje. Mata suna zaune a ƙasa cikin falo suna waƙa, maza suna ƙofar gida kewaye da kututture mai hayaƙi. Kayan Maidei an ƙulle su cikin zannuwan gado, an rufe ɗakinta. Haka ake yi. Ba mai taɓa kayan mamaci, ba mai zubar da ko tsohon silifa, sai an binne shi gwaggonsa ta zauna ta raba wa dangi. Tete Hazvinei, ƙanwar Madzinga, wato gwaggon Maidei, ita za ta yi rabon, mabuɗin ma yana ƙulle a bakin zanenta.

Da hantsi Madzinga ya sa kwat ɗinsa ya fita bai ce wa kowa komai ba. Chikomo ya bi shi. Chikomo ne sahwiransa, aminin gida wanda al'ada ta sakar wa baki ranar makoki, ya faɗi abin da ya ga dama ba mai hana shi.

"Ina zuwa, Zaki? Mata sun ɗora tuwon sadza kai kuma kana gudu. Ko haƙoran ne suka ƙare?"

Zaki kirarin dangin Madzinga ne. Bai juyo ba.

"Shago."

"Shago ranar makokin 'yarka. Kai dai ko a akwati aka sa ka sai ka tambayi wa ke tsaron kanta."

"Takardarta zan buga."

Chikomo ya ci gaba da bin sa. Can ya ciro waya ya kira Dzikamai.

Dzikamai mai gyaran kwamfuta ne a cikin gari, magidanci da 'ya'yansa, tare suka yi makaranta da Maidei. Ya iso cikin kombi, ƙaramar bas ta haya, da jakarsa a kafaɗa. Ya rusuna a bakin ƙofar shagon ya tafa hannu.

"Sannunmu da rashi, Baba."

"Mun gan shi. Ga kwamfutar can. Ka sa ta buɗe."

Madzinga da kansa ya yaye zanen, ya ninke shi gida huɗu ya ɗora a cinyarsa. Tun kafin yaron ya zo ya riga ya fito da farar takarda mai kauri, wadda suke ajiye wa manyan mutane, ya jera ta kusa da wuƙar yanka.

Dzikamai ya kunna. Ya danna manhajar. 'Yar da'ira ta yi ta juyawa a allo, ta ɓace, ba abin da ya fito. Ya kashe na'urar ya sake kunnawa, haka. Ya gwada manhajar hoto, ita ma ta ƙi. Ya gwada ta rubutu, wani ɗan akwati ya leƙo da jan tambari ya koma.

"Duka suka mutu?" in ji Chikomo. "Ashe makoki biyu muke yi."

Dzikamai ya amsa da kiran da ake yi wa dattijo: "Akwai wani abu da suke jingina da shi gaba ɗaya, Sekuru. Sabuwar manhajar ta cire tsohon, ba ta kai ga sa nata ba wuta ta tafi."

Madzinga yana zaune a gefe. Karatunsa bai wuce aji biyu ba, Turancin da ke allon bai shige shi ba. Hannun yaron yake kallo. Hannun Maidei ya fi wannan sauri, kuma ita takan yi ta ƙananan waƙoƙi tana aiki.

Dzikamai ya umarci manhajar ta gyara kanta. Ta ja wani layi ya tafi kaɗan ya tsaya, ta ce ba ta ga kayanta ba. Ya ce to a cire ta. Na'urar ta ce ba ta san da wata manhaja mai wannan suna ba. Ya ciro fulash mai ɗauke da manhajar daga jaka, ya nemi ya saka ta sabuwa fil. Na'urar ta ce ai akwai ta, a fara cire wadda ke ciki.

Ya jingina da kujera ya share fuska.

"Me ta ce?" Madzinga ya tambaya.

"Na ce a cire, ta ce babu. Na ce a saka, ta ce akwai."

"Irin matata ce," in ji Chikomo. "Ka bar ta ta huce."

Ba wanda ya yi dariya. Chikomo ma bai sa ran a yi ba. Aikinsa ne ya faɗa, ya faɗa.

"Saura dabara ɗaya," in ji Dzikamai. "Wani lokaci akan mai da na'ura baya, ta koma yadda take kafin abin ya lalace. Kamar ranar Alhamis ɗin nan."

Madzinga ya ɗago kai. Karo na farko ke nan da ya dubi fuskar yaron.

"Ta koma Alhamis?"

"In an ajiye mata alama."

Ranar Alhamis Maidei ta sayo gasasshiyar masara a bakin titi, ta karya ta ba shi rabi, ta yi masa faɗa a kan ya daina yanka takarda ba tabarau. Tana nan kan wannan kujerar, ƙafa ɗaya a naɗe. Madzinga ya matse zanen da ke cinyarsa.

Dzikamai ya duba, ya sake dubawa. Ya girgiza kai.

"Ta kashe wannan tun tuni, Baba. Wuri yake cinyewa, na'urar kuma ta tsufa. Ba Alhamis a ciki."

"To."

Waje ana ta hayaniyar kasuwa. Wata mai tumatir ta leƙo, ta ga wanda ke ciki, ta tafa hannu a hankali ta wuce. A irin wannan rana wuta ba ta kai azahar, kowa ya sani, Dzikamai ma yana ta duban ƙwan fitila.

"Baba, bari in faɗa maka gaskiya. Zan iya tsara wata a tawa kwamfutar, mu buga a nan. Sai dai ba ganyen. Zanen ganyen ba ya buɗewa sai a wannan manhajar, ni kuma tawa ba ta da ƙarfin ɗaukarta."

"Farar takarda da hoto? Aiki take nema?"

"To akwai shagon Mabhiza a gari. Suna da irinta. In kai musu zanen, kafin yamma..."

"Su sa sunansu a ƙasa."

"Sai in roƙe su kada su sa."

"Ni zan san inda aka buga." Madzinga ya nuna kwamfutar da haɓa. "Nan ta yi wa kowa. Nan za a yi mata."

Dzikamai ya juya ga allon. Ya daɗe yana shiga nan yana fita can, har ya buɗe wata 'yar jaka ruwan ɗorawa a allon. Cikinta tarin ƙananan abubuwa ne jere, layi bayan layi.

"Ga su. Guntayen da saka manhajar ya bari. Su ne suke cewa akwai alhali babu. In na goge su da hannu, na share sunanta daga rajistar na'ura, sabuwa za ta shiga. Kafin a ɗauke wuta mun buga."

"Yawwa," in ji Chikomo. "Goge mu tafi, cikina na kuka."

Madzinga ya matso da kujerarsa. Ya ciro tabarau daga aljihun kwat ya sa. Bai iya karanta layukan ba, amma akwai kalma ɗaya a saman allon da ya sani kamar tafin hannunsa. Shi ya fara rubuta ta, a bangon littafinta na aji ɗaya.

"Wannan sunan wa?"

"Na Maidei ne. Ɓangarenta ne a cikin na'urar."

"Waɗannan lambobin fa?"

"Ranar da aka ajiye su. Juma'a da yamma."

"Wa ya ajiye?"

Dzikamai ya ce, "Na'urar ce ta zuba su, Baba. Ita dai ta danna."

"Da hannunta."

"E."

"To kayanta ne."

"Ba kaya ba ne, Baba, tarkace ne. Ba hoto, ba zane, ba wasiƙa. Zanen ganyen yana wani wuri daban, ba zan kusance shi ba. Wannan ko ita ce a nan, share shi za ta yi."

"Ita ce za ta share. Ta ce Litinin."



"Bari in kwafe su a fulash," in ji Dzikamai. "Duka, ba abin da zai ɓata. Sannan in goge na ciki. Bayan rabo a mai da su in ana so."

Madzinga ya dube shi ta saman tabarau.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake kwafi. Kawo takardar haihuwarka in kwafa maka tsaf, in ƙone ta ainihin. Ka yarda?"

Dzikamai ya sunkuyar da kai.

"A kira Tete mana," in ji shi can. "In ta ba da izini..."

"Hazvinei ba ta kwance ƙulli gawa tana waje. Ni ma ba zan tambaye ta ba."

Chikomo ya tashi daga kan kwalin da yake zaune. Ya zo ya tsaya a gaban amininsa, wasan ya bar fuskarsa.

"Zaki, saurare ni. Ni na wanke ubanka, ni na shiga ramin matarka na gyara mata kwanciya. Al'adar nan ba ka fi ni saninta ba. An hana taɓa kaya don kada dangi su yi wawaso, ba don wannan ba. Yarinyar nan ta yi wa mashaya takarda, ta yi wa ɓarayi, ta yi wa jariran da ko suna ba a sa musu ba. Gobe mutane za su cika coci hannu wofi. Za su ce Madzinga mai shagon bugu ya binne 'yarsa ba takarda. Kana ji na?"

"Ina ji."

"To matsa. Ni sahwira ne, abin da bai halatta gare ku ba ya halatta gare ni. Yaro, nuna min inda ake dannawa. In akwai laifi a kaina yake."

Dzikamai ya zaɓi guntayen duka, suka yi shuɗi. Wani akwati ya fito tsakiyar allo da tambaya, da wurin e da wurin a'a. Ya janye hannunsa ya bar linzamin kwamfutar, wanda ake dannawa da shi, a kan tebur.

Madzinga ya dubi farar takardar da ya jera. Ya riga ya san yadda za ta fito. Ya san hoton da zai sa, wanda ta ɗauka da jar riga ranar bikin coci. Ya san yadda zai ninke kowace ɗaya ya bi ta da farce, ganyen ya zauna daidai a gefe. Yana son takardar nan fiye da yadda ya taɓa son wani abu da ya fito daga shagon.

Ya sake duban allon. Tun da aka kawo ta daga asibiti komai nata ya ƙare. An rufe ɗaki, an ƙulle kaya, an auna akwati. Nan ne kaɗai aikinta yake tsaye a tsaka, yana jira ta dawo ta ƙarasa.

Chikomo ya miƙa hannu. Madzinga ya riga shi, ya kife tafinsa a kan linzamin. Ya warware zanen da ɗaya hannun, zai lulluɓe kwamfutar.

"Zaki," in ji Chikomo a hankali. "Wuta za ta tafi."

"Ta tafi," in ji Madzinga. "Ba za a goge ba."